Ganɗoki: Yaron da Ya Yi Gudun Nasara Shi Ne Ya Riƙe Alƙalami

Idan aka ce in zaɓi littafi ɗaya tak cikin waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, ba zan tsaya shawara da kowa ba, Ganɗoki zan ɗauka. Na san masoya Ruwan Bagaja za su taso min, kuma suna da hujja, don Abubakar Imam gwani ne da ba a ja da shi. Na san Shaihu Umar yana da natsuwa da tausayi irin na mai shi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma wallahi babu wanda ke motsa min jini kamar wannan ɗan siririn littafi na Malam Muhammadu Bello Kagara. Bai kai shafi 100 ba. Mutum zai iya kama shi bayan la'asar ya ajiye kafin isha'i. Barkonon tsidugu ne, ɗan mitsitsi, amma idan ka tauna sai ka nemi ruwa. Rushewar daula guda ce a cikinsa, tun daga Kontagora har gabas mai nisa, kuma daga bakin mutumin da ya ƙi yarda cewa an ci shi da yaƙi.

Sirrin littafin yana jikin wanda ya rubuta shi. An haifi Bello Kagara a 1890. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, shi ne ya yi alƙalancin Kagara, garin nan da ke kusa da Tegina a jihar Neja ta yau. Gidan malamai ne da salsalarsu ta fito daga Barno, suka zauna a inuwar gidan Nagwamatse. Da sojojin Gwamna Lugga suka auka wa Kontagora a farkon 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fice da jama'arsa, ya nufi ƙasar Zazzau. A cikin ayarin nan akwai iyayen Bello, akwai kuma shi kansa, yaro ɗan kimanin shekara 11. Ku tsaya ku auna wannan, jama'a. Marubucinmu bai tsinci labarin zuwan Nasara a ɗakin ajiye takardu ba. Da ƙafarsa ya taka shi. Abin da manya ke faɗa da dare a sansani, da sunayen da ake kira da tsoro, da waɗanda ake kira da alfahari, duk a kunnensa suka zuba, a shekarun da abu ba ya fita daga kan yaro idan ya shiga.

Sai kuma zamani ya juya da shi. Yaron da ya gudu daga Nasara shi ne ya zauna a makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Ya zama malami a Kwalejin Katsina, ya yi alƙalanci, ya zama Walin Katsina, ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ya rasu a 1971. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa. Abubakar Imam ƙanensa ne, amma shi a 1911 aka haife shi, bayan ƙura ta lafa. Shi ya sa nake ganin bambancin littattafansu bambancin wa da ƙane ne: ƙanen ya tashi ya tarar da duniyar Turawa a shimfiɗe, sai ya yi ta wasa da ita yana ba mu dariya, wan kuwa ya ga lokacin da ake shimfiɗa ta da harsashi, don haka takobi ya fara zarowa.

Kuma dubi irin gasar! Hukumar Fassara ta Zariya ce ta shirya ta a ƙarƙashin Rupert East, Baturen da ya zaga yana roƙon malamai su ƙago labari su rubuta da boko, a zamanin da malami mai mutunci ke ganin ƙaga labari aikin tsofaffin mata ne da yara. Malam Bello ya shiga gasar tare da matasan da suka fito daga kwalejin da yake koyarwa, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da ƙanensa Imam. Gwamnatin Turawa ce ta kira gasar, Bature ne mai dubawa, maɗaba'arsu ce za ta buga. A wannan hali ne malamin nan ya miƙa musu labarin barden da ya yaƙe su, yana yi wa kansa kirari a kan haka. Shekara 30 kacal bayan yaƙin Burmi na 1903! Waɗanda suka yi yaƙin, ta ɓangarorin biyu, da yawansu suna nan da rai. Ibrahim Nagwamatse kansa bai fi shekara huɗu da rasuwa ba, don a 1929 ya cika. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai in ji girman mutumin nan ya ƙaru a idona. Malamai sun riga sun yi waƙoƙi a ajami a kan zuwan Nasara, irin su Alhaji Umaru na Salaga, amma ɗaukar wannan ciwo a zuba shi a zube, a ba shi jarumi mai suna da murya, wannan Malam Bello ne ya buɗe mana ƙofarsa.

Dabarar da ya yi mai sauƙi ce, kuma ita ce ta fi kowace kyau. Bai tsaya a gefe yana ba da labari kamar mai rubuta rahoto ba. Ya ba Ganɗoki baki, ya ce masa faɗi da kanka. Tsohon mayaƙi ne ke magana, yara masu tasowa na saurare, mu ma muna cikinsu. Shi ya sa littafin ba ya karantuwa da ido kaɗai. Ka gwada karanta shi a zuci, za ka ji leɓɓanka suna motsi. Jimlolin gajeru ne a wurin sara, dogaye a wurin tafiya, kuma da zarar doki ya zabura sai kirari ya ɓarke. Kai, kirarin nan! Ba ado ba ne da aka liƙa don littafi ya yi kyau. A fagen fama na wancan zamani, kirari makami ne: da shi barde ke tsayar da zuciyarsa, da shi yake sanar da abokin gaba wanda ya zo. Malam Bello ya san haka don ya tashi a cikin masu yin sa. Idan Ganɗoki ya buɗe baki yana ambaton kansa, sai ka ji amon tambari da kakaki a bayan maganar, ka ga 'yan lifidi sun jeru, ka ga barade cikin sulke da kwalkwali, ka ji ƙarar linzami. Hausa ce ta mutumin da ya san bambancin mashi da asigiri, ba wanda ya duba ƙamus ba. Duk marubucin da yake son ya koyi yadda ake sa harshe ya yi sukuwa, ga makaranta nan kyauta.

Abin da ya ƙara kashe ni da littafin shi ne ƙasar da jarumin ke takawa ƙasa ce ta gaske, sarakunan na gaske ne, shekarun ma suna nan a rubuce. Kamfanin Neja na Goldie ya fara buga Bida a 1897. Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja, ya ce Arewa ta shiga hannun Ingila, alhali mafi yawan Arewa ba ta ma san ana yi ba. A 1901 aka ci Kontagora da Bida. A 1902 aka kama Nagwamatse a ƙasar Zazzau, inda Sarki Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kansa, kafin shi ma su tuɓe shi. A watan Oktoba na shekarar nan Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya tsere Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya shiga Kano da sojan da ba su kai 1,000 ba, Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Wazirinsa Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, bakin Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki tuta ya yi gabas, talakawa da malamai da sarakuna suna barin gonaki da gidaje suna bin sa, har aka tsaya a Burmi, ƙasar Gombe, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903. A ranar nan Turawa ma sun rasa Manjo Marsh. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya, ɗan Attahiru, Mai Wurno, ya kai su bakin kogin Nilu a Sudan, inda zuriyarsu take har yau.

A littafin tarihi wannan jerin kwanaki ne da ake haddacewa don jarrabawa. A Ganɗoki kuwa mutum ne ke gudu a cikinsu, yana juyowa yana sara, yana sake gudu. Nan ne ƙagaggen labari ya fi tarihi ƙarfi. Tarihi zai gaya maka bindiga mai ruwa da igwa sun fi ƙarfin doki da takobi. Sojan Nasara su yi sahu kusurwa huɗu, dawaki su taho a guje, a zube su tun ba su iso ba. Amma ba zai gaya maka yadda zuciyar barde take ba, mutumin da tun yana yaro aka koya masa cewa namiji shi ne mai isa ga abokin gaba hannu da hannu, sai ga shi a gaban makamin da ba ya bari a iso. Wannan takaici shi ne numfashin littafin. Kuma kada a manta, masu riƙe da bindigogin nan mafi yawansu baƙar fata ne, Hausawa da Yarabawa da sauransu, Turawan 'yan ƙalilan ne a kansu. Yaƙin ya fi yadda ake ba da shi a taƙaice ɗaci.

To, sai mu zo inda masu suka suke tsayawa. Suna cewa littafin ya karye biyu: rabin farko tarihi, rabin baya tatsuniya. Gaskiya ne, bayan an rasa ƙasa, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare sun yi gabas, sun sauke farali, daga nan labari ya tsallaka duniyar aljannu da ƙasashen Hindu, inda jarumin ke ta cin garuruwa yana shigar da mutane Musulunci. Wasu na ganin nan Malam ya saki hanya. Ni kuwa a nan nake miƙewa tsaye in tafa masa! Me ake so ya yi? Ya ce an ci Turawa a Burmi? Alƙali ne, ɗan alƙali, ba zai yi wa tarihi shaidar zur ba. Ya kashe jaruminsa a ganuwa, yara su tashi da labarin cewa iyakar kakanninsu ke nan? Zuciyarsa ba ta ba shi ba. Sai ya ɗauke shi ya kai shi inda takobi ke da sauran amfani, inda ƙarfin damtse da addu'a ke yanke hukunci, ba ƙarfen da ke aman wuta daga nesa ba. Nasarar da aka hana shi a gida, ya je ya same ta a wata duniya. Kuma gabas ɗin nan ba ƙage ba ce tsagwaronta: can dubban mutane suka nufa da gaske, da niyyar hijira da hajji. Malam ya bi sawunsu har inda ido ke iya gani, daga nan ya ci gaba da irin labaran da ya taso da su, na Dare Dubu da Ɗaya da na mazajen farko na Musulunci. Wanda ya karanta rabin nan na biyu da wannan ido zai ga ba wasa ba ne. Mafarkin mutanen da aka ƙwace wa ƙasa ne, aka rubuta shi da rana tsaka.

Ƙarshen ma ana yi masa gunaguni, wai Ganɗoki ya komo gida ya tarar da mulkin Nasara ya zauna, ya sassauta, har yana ganin abin yabo a sabon zamani. Ana cewa don a faranta wa East ne. Ko da akwai wannan, ni ina ganin gaskiyar rayuwar marubucin ce ya faɗa. Shi ne fa yaron da ya yi gudu, shi ne kuma malamin kwaleji. Sarkin Sudan da aka kama aka kai Lakwaja da Yola, Turawan nan dai su suka mayar da shi gadonsa a 1903, ya yi ta sarauta har 1929. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Mutanen zamanin nan sun rayu da abu biyu a ƙirji guda: alfahari da turjiyar da aka yi, da kuma zama da abin da ya riga ya faru. Littafin bai ɓoye ko ɗaya ba. Da ya zaɓi ɗaya ya jefar da ɗaya, da ya fi daɗin ji ga wasu, amma da bai kai haka gaskiya ba.

Ban ƙara sanin darajar abin da muke da shi ba sai da na waiwayi yadda wasu al'ummu suke fama da irin wannan labari. A gabashin Amurka akwai mutanen da ake kira Wampanoag. Su ne Turawan Ingila suka tarar da suka sauka a Plymouth a 1620, bayan annoba ta riga ta yi musu mummunar ɓarna. Shugabansu Massasoit ya ƙulla amana da baƙin a 1621, mutanensa suka nuna musu yadda ake noman masara a ƙasar. Shekara hamsin da 'yan kai bayan haka, da ƙasa ta yi ta zamewa daga hannunsu, ɗansa Metacom, wanda Turawa ke kira Sarki Philip, ya ɗaga yaƙi a 1675. Aka kashe shi a 1676, aka kafe kansa a Plymouth shekara da shekaru, aka sayar da matarsa da ɗansa bayi zuwa ƙetare. Yau marubuta da yawa a can sai sun bi salsala, sun tono sunan kakan kakansu a rajistar coci ko takardar filaye, sannan su ƙago labari su cike gurbin da takarda ta bari. Akwai masu kyau a ciki. Geraldine Brooks ta fitar da Caleb's Crossing a 2011, a kan wani saurayi Bawampanoge da ya gama Harvard a 1665 ya rasu ba da jimawa ba. Amma ko ita, ta bakin wata 'yar Turawa da ta ƙago ta ba da labarin, da Ingilishi, bayan shekara fiye da 300. Harshen Wampanoag kansa sai da ya yi fiye da ƙarni ba mai magana da shi, kafin Jessie Little Doe Baird ta tashi farfaɗo da shi daga tsofaffin takardu a 1993. Mu kuwa fa? Wanda abin ya faru a kan idonsa ne ya rubuta mana, da harshen da aka yi kukan da shi, tun shaidu suna raye. Wannan gado ne da wasu za su ba da komai su samu, mu ga shi a kasuwa a arha, muna wuce shi.

Amma ni a Bwari nake zaune, kuma karanta Ganɗoki a Bwari daban yake da karanta shi a Katsina ko Kano. Nan ƙasar Gbagyi ce, wato Gwari. Ka fito ka dubi duwatsun da suka kewaye mu, ta Ushafa, ta Igu, ta Shere, ta wajen madatsar ruwan Usuma. Mu yau kyau muke gani. A ƙarni na 19 kuwa duwatsun ƙasar Gwari mafaka ce, kansu mutane ke hawa su kafa gida saboda mahara. Sarkin da Ganɗoki ke riƙe wa takobi, Ibrahim Nagwamatse, shi ne wanda sunansa ya fi kowane tsoratarwa a yammacin ƙasar Gwari. Mahaifinsa Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen Sarkin Musulmi Atiku, shi ya kafa Kontagora a 1864, kuma daular ta ginu ne a kan hare-haren da suka kwashe garuruwan Gwari da Kambari da Kamuku da Dakarkari. Ana ba da labari cewa da Turawa suka nemi Ibrahim ya bar kamun bayi, sai ya kamanta kansa da kyanwar da ba a raba ta da ɓera. Ta nan kusa da mu ma, Sarkin Abuja na lokacin, Ibrahim Iyalai, laƙabinsa Dodon Gwari, kuma shi ma a 1902 Turawa suka auka wa garinsa, mulkinsa ya ƙare a nan. Saboda haka ranar da barde ya kira ranar baƙin ciki, wata tsohuwa a kan dutse wataƙila ranar ce ta fara barci da ido biyu rufe, kafin ita ma haraji da aikin tilas na Nasara su iso ƙofarta.

Wannan ya rage min son littafin? Ko kusa! Ƙara min ya yi. Malam Bello bai yi alkawarin ba da labarin kowa da kowa ba. Labarin gidansu ya bayar, ta idon mutanen da ya tashi a cikinsu, kuma ya bayar da shi da zuciya ɗaya, ba tare da ya wanke jaruminsa ya mai da shi waliyyi ba. Ganɗoki mai alfahari ne, mai son yaƙi, mai ganin duniya ta ƙarƙashin kwalkwali. Don an bar shi a yadda yake, shi ya sa mai karatu na yau zai iya ganin zamanin da kyau da muninsa. Da an yi masa kwalliya, da mun rasa shaida. Kuma littafin da zai sa ka ajiye shi ka fita waje ka dubi dutsen unguwarku da sabon ido, ka fara tambayar wa ya hau nan, wa ya kore shi, wa ya sauko da shi, ai ya gama aikinsa har ya yi ƙari.

Ga wata igiya ma da ta ɗaure mu da marubucin. Bwari tana cikin ƙasar tsohuwar masarautar Abuja, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan an fitar da sarakunan Haɓe daga Zariya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya hau a 1944 kuma aka sa wa garin suna Suleja saboda shi bayan an ɗauki sunan Abuja an ba sabon babban birni, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, inda Malam Bello ke koyarwa. Daga wannan masarauta kuma Alhaji Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihin Abuja da al'adunta da Hausa, aka fassara shi da Ingilishi a 1952. Kayan ginin labari ke nan a jibge. Idan ka tashi daga Bwari ka bi ta Suleja, Minna, Zungeru inda Lugga ya yi hedikwata, Tegina, ka ɓulla Kagara ko Kontagora, duk tafiyar yini ɗaya ce, kuma kowane zango yana da labarin 1901 da 1902 a bakin tsofaffinsa. Abin baƙin ciki, hanyar nan a yau ba a bin ta da kwanciyar rai. Kagara ɗin da ta ba mu Bello da Imam ita ce aka shiga makarantarta ta kimiyya a Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai. Idan ka karanta yadda ayari ke barin gari da kaya a ka, ba sai an yi maka bayani ba, ka ga irinsa a ƙauyukan da ke kewaye da mu.

Shi ya sa nake ƙaiƙayin ganin ƙannen Ganɗoki. Garin nan na Bwari cike yake da matasa masu karatu. Ga Makarantar Horon Lauyoyi, ga hedikwatar JAMB, ga Jami'ar Veritas, ga dubban ma'aikata da ke kwana a Kubwa da Dutse suna sammako cikin birni. Kowannensu yana da kaka. Wani kakansa ɗan lifidi ne, wani sojan Nasara ne da ya dawo da lambar yabo da tabo, wani ɗan dako ne da aka ɗora wa akwatin harsashi daga Zungeru zuwa Kano, wata kakarta baiwa ce da ta ji an ce bauta ta ƙare ta rasa inda za ta nufa. Salsala a wurinmu ba a rajistar coci take ba, tana bakin gwaggo da inna, tana cikin kirarin gida, tana cikin tsagen fuska, tana cikin sunan unguwa. Malam Bello ya nuna yadda ake yi: ka riƙe shekaru da sunayen sarakuna da gaskiya, kada ka taɓa su, sannan ka ƙago mutum ɗaya mai jini a jika ka sake shi a tsakiyarsu. Ina jiran ranar da wata 'yar Gbagyi daga Ushafa ko Kawu za ta rubuta labarin shekarun nan ta bakin matar da ke saukowa daga dutse da tulu a kafaɗa, tana hango ƙurar dawaki ta gabas da jar hular sojan Nasara ta kudu, ba ta san wanne ya fi ba. Ranar da littafin nan ya fito, a gefen Ganɗoki zan ajiye shi, su yi ta gardama a kan kanta ɗaya.

Masu fim kuma, ku ji da kyau. Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim tun 1976, ya nuna cewa littattafan gasar nan suna iya hawa majigi da mutuncinsu. Ina so in ga Ganɗoki a allo da kuɗi da natsuwa, ba da takubban katako da rawunan aro ba. Dawaki muna da su, duk wanda ya ga hawan Daushe a Kano ko hawan Sallah a Zariya da Bida ya san ba a rasa mahaya ba. Masu ɗinka lifidi da maƙeran sulke suna nan a bayan fadoji. Duwatsu da kurmi kuwa, ku zo Bwari ku zaɓa. A samo ɗan wasa mai murya, wanda zai iya riƙe kirari ba tare da ya mai da shi ihu ba, a samo yaro mai kaifin ido ya fito a Garba Gagare, a ɗauki fitar Kontagora da dare, da taron da ke bin Attahiru, da ganuwar Burmi ranar 27 ga Yuli. Rabin aljannun kuma a ba yaran nan masu aikin zane da kwamfuta, su nuna mana abin da suka iya.